Likitan da Bai Ji Harshen Majinyaci Ba



Ɗaliban ƙasashen waje da ke karatun likita a ƙasar Sin, har da 'yan Najeriya, yawanci da Turanci ake koyar da su a aji. Duk da haka ana tilasta musu koyon Sinanci, su ci jarabawar HSK, wadda mataki na 4 a tsohon tsarinta ke buƙatar kalmomi 1,200. Dalilin a fili yake. Ranar da ɗalibi zai shiga ɗakin marasa lafiya, tsohuwar da ke kwance ba ta jin Turanci, kuma ba za ta koye shi saboda shi ba. Harshen ma ba wasa ba ne, domin kalmar "ma" kaɗai tana iya zama uwa, ko doki, ko faɗa, gwargwadon karin sautinta.

Mu dawo gida. Ɗanmu da ya karanta likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato shi ma da Turanci ya yi karatunsa. Idan aka turo shi Tambuwal ko Kebbe, zai tarar da Sakkwatanci da Fulatanci suna jiran sa a layi. Idan kuwa ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, sai dai a nemi tafinta.

Mun taɓa raka wata gwaggonmu wani asibiti, muka ga abin da ya tsaya mana a rai. Wata matar aure ta ce wa likita "sanyi" ke damun ta. Wanda ya yi tafinta ƙanen mijinta ne, ya fassara cewa mura ce. Aka rubuta maganin mura suka tafi. A bakin ƙofa ne ta raɗa wa gwaggo ainihin ciwon, wanda kunya ta hana ta faɗa a gaban namiji. Da gwaggo ba ta mayar da ita ciki ba, da haka za ta koma ƙauye.

Hausar ciwo tana da zurfi. "Shawara" cuta ce, kuma magana ce. "Ciki" na iya zama tumbi, na iya zama juna biyu. Wanda ya ce "iska" ta taɓa ɗansa ba hunturu yake nufi ba, wataƙila farfaɗiya ce. Ga jijjiga, ga tamowa, ga dankanoma, ga baƙon dauro.

Za a ce likitoci sun yi ƙaranci, aiki ya yi musu yawa, ina suka ga lokacin koyon harshe? Gaskiya ne, shi ya sa muke ganin rabin aikin namu ne. Me muka rubuta da likita zai karanta ya ƙaru? Mu duba labaranmu. Da zarar an kai jaruma asibiti, sai likita ya cire tabarau ya juye Turanci, kamar Hausa ba ta iya sanar da ciwo ko rasuwa. Da hannunmu muke koya wa masu karatu cewa harshenmu a bakin ƙofar asibiti yake tsayawa. Alhali Gidan Rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, Sinawa sun zauna sun koyi namu.

Ga shawararmu. Kafin mako mai zuwa, kowannenmu ya zauna da tsohuwa ɗaya, ko ungozoma, ko wanzami, ya rubuto kalmomin ciwo 10 da yadda ake faɗin su cikin sakaya. Wanda ke jin Fulatanci ya kawo nasa. Sannan a labarin da za mu rubuta nan gaba, likitan ya tambayi majinyaci da Hausa, ya kuma jira amsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.