Wasiƙa ga ɗaliban likitanci a kan izinin majiyyaci

Ya ku ɗaliban likitanci,

Kafin ku fara duba marasa lafiya da kanku, ina so in ja hankalinku kan takardar da ake miƙa wa majiyyaci dab da shiga tiyata. Galibi da Turanci aka rubuta ta. Sai a kawo tawada, a kama babban yatsansa a dangwala, shi kuma ya ce, "Likita, duk yadda ka gani." Takarda ta cika, an saka ta a fayil, amma mutumin bai san abin da za a yi wa jikinsa ba. Izini ba ya inganta sai majiyyaci ya gane ciwonsa, da aikin da za a yi, da haɗarin da ke ciki, da wata hanyar in akwai, ya kuma san yana da ikon cewa a'a. Iliminku shi zai nuna muku maganin da ya dace, amma jiki na mai shi ne.

Tarihi ya nuna abin da ke biyo baya in aka tsallake wannan. A garin Tuskegee na jihar Alabama a Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnati ta bibiyi baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba tare da ta gaya musu ciwon da ke jikinsu ba, aka kuma bar su babu magani ko bayan fenisilin ya wadatu. A nan gida, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin wani bincike da ya haɗa yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan tabon na cikin hujjojin da jama'a suka riƙa kawowa, cutar kuma ta tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Amana in ta karye a ɗaki ɗaya, gari ne ke biya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Za ku ji ana cewa majiyyacin bai yi boko ba, bayani ɓata lokaci ne. To, manomin da ke auna damina da farashin taki zai iya auna haɗarin aiki in an yi masa bayani da harshensa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta yin bayanin da yaren da yake ji, daidai da fahimtarsa. Za a ce muku layi ya yi tsawo, likita ɗaya ne. Gaskiya ne, kuma wanda aka kawo a sume yana zubar da jini ba a jiran sa hannunsa, ceto ake yi. Amma bambance gaggawa ta haƙiƙa da gajiyar likita, wannan ita ce ƙwarewar da ake nema a wurinku. Za a kuma ce maigida ne ke yanke magana. Ku girmama shi, ku zaunar da shi, ku saurare shi, sannan ku duƙa kusa da gadon matar da za a yi wa aikin haihuwa ku tambaye ta, domin ita za a yanka.

Mafi wuya shi ne ranar da majiyyaci ya fahimta sarai, ya ƙi. A 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, har da ƙarin jini. A irin wannan rana ku sake bayani, ku rubuta abin da ya faru, ku ci gaba da kula da shi gwargwadon abin da ya yarda da shi, ba tare da fushi ba.

Ku fara tun yanzu da al'ada guda. Duk wanda kuka yi wa bayani, ku ce ya maimaita muku da bakinsa abin da ya gane. In ya kasa, bayaninku ne bai isa ba, sai ku sake kafin a kawo tawada.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku riƙe amanar da za a ɗora muku.

Wassalam.