Mai Son Ɗaukar Hoton Tufafi, A Kasuwarmu Zai Fara

Kwanakin baya muna zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da shadda da atamfa a kasuwar Yendi, sai ga ɗansa ya shigo da wata tsohuwar kyamara rataye a wuya, wadda ya saya hannu na biyu da 'yan kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Uban ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "Malam, ka ga abin da nake fama da shi ke nan. Na ce ya zauna ya koyi awo da ciniki, shi kuwa wai hoton riguna zai riƙa ɗauka kamar yaran Ankara. Wannan ai ba sana'a ba ce." Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai.

Mun san ba wannan dattijo kaɗai ke da irin wannan ra'ayi ba, kuma ba za mu ce ba shi da hujja ba. Mun sha ganin samari suna yawo da kyamara a wajen biki da suna, ba su tsinana komai sai damun mutane, a ƙarshe su dawo gida a ba su kuɗin abinci. To amma duk da haka, a wannan magana muna bayan yaron, bisa wasu sharuɗɗa da za mu faɗa masa a gaban mahaifinsa.

Idan ba a manta ba, kakanninmu da suka yi fataucin Gwanja, daga Kano da Katsina su biyo ta Sansanne Mango da Yendi har su sauke a Salaga, da turkuɗi da kanwa da kayan fata suke zuwa, su koma da goro. Baƙon da ya sauka a Salaga ba shi ke yawo da kayansa yana neman mai saye ba. Akwai mai masauki, akwai dillali, wanda aikinsa shi ne ya kai labarin kaya inda mai kuɗi yake, ya buɗe turmi ya nuna, ya yaba abin da ya cancanci yabo, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Ba wanda ya taɓa cewa dillanci ba sana'a ba ne. To a yau da yawan masu sayen kayanmu ba sa taka ƙafa zuwa rumfa, suna Kumasi ko Ankara ko Wagadugu, wasu ma suna Jamus da Amurka, a waya suke duba kaya, su zaɓa, su turo kuɗi ta waya, a ɗora musu a mota. Wanda ke buɗe musu turmin yanzu shi ne mai hoto. Kuma mutanen Salaga sun fi kowa sanin cewa kasuwa takan tashi ta bar gari, domin bayan yaƙin basasar 1892 sun ga fatake sun kwashe sun koma Kete-Krachi da sauran wurare.

'Yan uwanmu na Bawku kuwa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun daga ƙarshen 2021 da rikicin garin ya sake tashi, an sha sa dokar hana fita, kuma baƙi da dama da suka saba shigowa daga Sinkase da ƙauyukan Barkina Faso sun ja baya saboda tsoron hanya. Mai kayan da abokan cinikinsa ke iya ganin hajarsa a waya ya ɗan samu abin rufin asiri, wanda kuwa ya dogara ga mai wucewa ta gaban rumfa kaɗai, shi ya san abin da ya gani.

Dubi fugu, wato batakarin da masaƙan Daboya da Yendi ke fama da shi dare da rana. Hoton Kwame Nkrumah da abokansa sanye da ita a daren 6 ga Maris 1957, lokacin da ya yi shelar 'yancin Gana, ya yi wa wannan riga tallan da babu kuɗin da zai iya saye. Haka kuma a watan Fabrairun 2026, da Shugaba Mahama ya sauka a Zambiya da fugu, wasu mutanen can suka yi ta zolaya a intanet, 'yan Gana suka mayar da martani da hotunan kansu cikin rigar, har gwamnati ta ware ranar Laraba ta zama ranar sa fugu. Abin tambaya a nan shi ne, cikin dubban hotunan da suka yi yawo a lokacin, nawa ne yaranmu na zango suka ɗauka a gaban masaƙin da ya yi aikin, da lambar wayarsa a ƙasa?

Yanzu bari mu juya ga samarin. Babban kuskuren mai farawa shi ne ya ɗauka sai ya tafi Ankara, ya samu kyamara mai tsada da ɗaki mai fitilu da 'yan mata masu tallan kaya, sannan ya zama mai hoton ado. Waɗanda suka yi suna a wannan fage ba haka suka fara ba. James Barnor, wanda aka haifa a Ankara a 1929, yaron shago ya fara yi a wajen wani ɗan uwansa mai hoto, kafin ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young a unguwar Jamestown a farkon shekarun 1950. Sai a 1959 ya tafi Landan, inda ya riƙa ɗaukar hotunan ado da mujallar Drum ke sawa a bangonta, kuma yana da shekara fiye da 90 aka shirya babban baje kolin ayyukansa a Landan a 2021. Seydou Keita na Bamako kuwa aikin kafinta ya taso yana yi. Kawunsa ne ya ba shi 'yar kyamara a 1935, ya buɗe wurin hotonsa a 1948 a tsakar gida, da hasken rana yake aiki, kuma zanen shimfiɗar gadonsa ya fara ratayawa a bayan mutane. Mutanen gari ne ke zuwa da ɗinkinsu na Salla da gwala-gwalansu, yau ga hotunan nan a manyan gidajen tarihi na duniya. Abin da ya cece shi, ya adana fina-finan da ya ɗauka bai zubar ba. Kai da kake goge aikin jiya don ka samu wurin sa waƙoƙi a waya, ka yi tunani.

Saboda haka makarantarka ta farko ita ce shagon telan unguwarku. Ka je ka gaishe shi, ka roƙi ya ba ka riga uku da ya gama, ka nemi abokinka ko ƙanenka ya sa. Ko waya ce a hannunka ta isa a fara, muddin ka goge idon kyamarar, musamman lokacin hunturu da ƙura ke lulluɓe komai. Kada ka ɗauka da tsakar rana, domin farar shadda takan ƙone a hoto ta zama kamar takarda, zanen da ke jikinta ya ɓace, fuskar mai rigar kuma ta yi duhu. Da hantsi ko bayan la'asar, ko a inuwar zaure kusa da ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe guda, a nan ne ƙyallin shadda da aikin wuya suke fitowa. Bango ya zama fili, ba tulin bokitai da babur a baya ba.

Fugu kuma tana da nata hali. Idan aka rataye ta a ƙusa ba ta da wani fasali, kamar buhu. Kyanta yana ga buɗewar gindinta, kamar yadda muke gani a rawar Damba a ƙofar fadar Ya-Na lokacin da mai rawa ya juya rigar ta baje. To ka sa mai rigar ya juya a hankali, ka ɗauka sau goma ko ashirin, ka zaɓi ɗaya. Sannan ka matso kusa ka nuna saƙar, a ga faɗin kowane ƙyalle da yadda aka haɗa su, a ga ɗinkin wuya da aljihu, domin mai saye da ya san kaya nan yake duba ya gane ta hannu ce ko ta inji. Ka kuma sani WhatsApp yakan rage ingancin hoto in an tura shi haka kawai, sai ka koyi turawa yadda ba zai dusashe ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne aikin, ba tsayuwa da baƙin tabarau ana cewa "mai hoto ya iso" ba.

Sharaɗinmu na farko shi ne amana. Wayoyin yanzu suna ƙara wa kala armashi da kansu, ga kuma manhajojin da ke mayar da shuɗi mai duhu ya koma kamar sararin sama. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ba mu labarin yadda aka dawo mata da turmi shida daga Kumasi, na ankon biki, saboda kalar da aka gani a waya daban, wadda ta isa daban. Ta yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, ta kuma rasa abokiyar cinikin shekara da shekaru. Dillalin da ya ɓoye aibin kaya mun san sunansa a kasuwa, kuma addini bai bar mu cikin duhu ba game da algus. In ka gama ɗauka, ka ajiye wayar kusa da turmin ka gwada da idonka. In ba su yi daidai ba, ka sake.

Na biyu shi ne mutunci. Tsoron da iyaye ke yi ba na banza ba ne, don sun ga yadda hoton 'yar mutane ke fita daga waya ɗaya ya zagaye gari. Kada ka ɗauki mace, ko ka sa hotonta a Facebook ko TikTok, sai da yardarta da ta magabatanta, kuma a faɗa mata tun farko inda hoton zai je. Ana iya nuna ɗinkin mata da lulluɓinsa cif, ana ma iya nuna shi ba tare da fuska ba. A nan ne ma muke ganin 'yan matanmu sun fi samari dama, domin su ke iya shiga cikin gida wajen amarya da ƙawayenta. Felicia Abban, wadda ake ɗauka mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Gana, a wajen mahaifinta ta koya a Sekondi, kuma ta riƙa ɗaukar kanta cikin ɗinkunanta tana amfani da hotunan wajen tallan shagonta. An baje su a Venis ta Italiya a 2019, kafin rasuwarta a 2024.

Wani abu kuma a gurguje, ga masu aiki a Kulungugu da Pulmakom da sauran bakin iyaka: kada ɗokin samun bango mai kyau ya sa ka ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro. A yanayin da ake ciki ba za a tsaya jin cewa hoton riga kake ɗauka ba.

Mu kuma 'yan kasuwa, namu laifin ya fi na kowa. Mukan sa yaro ya yini yana ɗaukar kayanmu, mu sayar da su ta dalilin hotonsa, sannan mu sallame shi da "Allah Ya yi albarka" da kuɗin koko. Addu'a tana da kyau, amma ba ta sayen batir ko datar waya. Na farko da na biyu ya yi kyauta don a ga hannunsa, wannan daidai ne, kowane mai koyo haka ya fara. Daga nan sai a yi tsada tun kafin a fara, ko a kan kowace riga, ko a yanka masa la'ada a kan abin da aka sayar, sidi ne ko sefa. Kuma mu daina ɗauko hoton kayan wani daga intanet muna cewa namu ne. Shugabannin teloli da na masu atamfa a Salaga da Yendi da Bawku za su iya haɗa yara biyu ko uku da shagunan da ke buƙata kafin ɗinkin Salla ya kankama, a ga abin da zai fito. Yaron da ke samun na kansa a nan ba zai yi sha'awar ramin galamse ko dakon kaya a Ankara ba.

Duk wannan mun faɗa wa dattijon nan na Yendi, ya saurara yana jan carbi, bai ce ya yarda ba. Da muka tashi tafiya dai mun ga ya zaro shadda uku daga ƙasan tebur, fara da ruwan toka da shuɗiya, ya miƙa wa yaron ya ce, "Ungo, ka dawo mini da su kafin magariba, kuma in na ga datti a jiki kai za ka biya."