Ƙauye Ba Gidan Kallo Ba Ne

Tambayi duk wanda ka ga dama yadda za a raya yawon buɗe ido a karkararmu, amsa ɗaya zai ba ka: a tallata. A buga ɗan littafi mai sheƙi, a jera "wurare goma masu ban al'ajabi", a manna hoton dutse da rijiya da tsohuwar kuka, baƙi su gani su zo da dala. Jami'an gwamnati suna faɗa, mu 'yan jarida muna amshi kamar 'yan amshin Shata. Ni kam na fita daga wannan sahu, domin na ga irin ɓarnar da littattafan nan ke yi.

Wata shekara na je Birnin Kudu a Jigawa, riƙe da irin wannan littafin. Layi biyu kacal ya ba wurin: akwai zanen mutanen da a jikin duwatsu, akwai kuma dutse mai ƙara. Bai faɗi inda za ka sauka daga mota ba, balle wanda za ka yi wa sallama. Wani yaro ɗan shekara goma sha biyu haka, da silifas ɗinsa da aka ɗaure da waya, shi ya kai ni Dutsen Habude. Ya nuna mini shanun da aka zana, launinsu ya kusa shuɗewa, sannan ya ɗauki wani ƙaramin dutse ya ƙwanƙwasa babban. Sai ga sauti kamar na ƙararrawa. Ya matsa gefe ya sake bugawa, muryar ta canja. Inda ake bugun duk ya lotsa, ya yi santsi, alamar hannaye da yawa sun riga nasa. Tun shekarun 1950 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu masu amo, kuma sunansa na nan a littattafai. Yaron da ya san inda kowace murya take, da kakannin da suka koya masa, babu su a ko'ina. Da na ba shi ɗan abin sayen ruwa ya karɓa da hannu biyu, ni kuwa kunya ta kama ni.

Laifin waɗannan jagororin tafiya ke nan. Suna tsince abin mamaki su yar da mutanen da ke zaune da shi, kamar mai tsince nama ya bar tuwo. Dubi kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta Yobe ya ci karo da shi. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa kusan 8,000. Kowane jerin al'ajabi sai ya ambace shi. Amma kwalekwalen yana Damaturu, kuma marubuta nawa ne suka taka ƙafa suka je ƙauyen suka zauna da mutanensa? Sunan garin kawai aka ara.

Masu ra'ayin tallatawa za su ce ai idan baƙi sun zo kowa zai samu: mai shayi, ɗan acaɓa, mai saƙar tabarma. Ban musa ba, in har baƙin sun zo kuma kuɗin ya tsaya a garin. To amma mu je Kure a Nijar, wajen kilomita 60 daga Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke yawo a cikin gonaki. A tsakiyar shekarun 1990 saura kusan 50, daga baya suka haura 600. Littafin matafiya zai nuna maka dogon wuya da kyan zane. Ba zai nuna maka manomin da ya wayi gari an cinye masa wake ya haɗiye fushinsa ba, alhali haƙurinsa na cikin abin da ya raya dabbobin. Ranar 9 ga Agusta 2020 kuma 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin: Faransawa shida, direbansu, da ɗan jagora ɗan ƙasa. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Arzikin da aka jingina da baƙo daga ƙetare, rana ɗaya ke rushe shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni haushi. Har yau za ka ga an jera Dutsen Kwatarkwashi a Zamfara ko tsaunin Sukur a Adamawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, ba tare da kalma ɗaya a kan halin tsaron hanya ba. Mai rubutun yana cikin ofis mai sanyi, ya kwafo daga wanda ya kwafo. Wanda ya yarda da shi ya kama hanya, shi zai ji a jikinsa.

Mai zuwa Birnin Kudu na gaskiya malamin firamare ne da ɗalibansa daga Dutse, ko magidanci daga Kano da ke son nuna wa 'ya'yansa wani abu ranar Asabar. Su ya kamata a rubuta wa, da Hausa. A faɗa musu tashar da za su hau mota, watan da hanya ke da kyau, cewa a fara gaida mai unguwa, a nemi izini kafin a ɗauki hoton matar mutane, a biya ɗan jagora haƙƙinsa ba sai ya roƙa ba.

Ɗan'uwa marubuci, in ba ka kwana a gari ba, ba ka sha ruwan randarsu ba, don Allah ka cire shi daga jerinka.