Gonar Gayya Da Muka Manta Da Masu Nomanta

Da yawanmu ba mu manta da lokacin da sai mutum ya taka da ƙafarsa yake samun amsar tambaya ba. A ɗakin karatu na makaranta akwai kantar da ake jera mujalladan Britannica, masu kauri da rubutun ruwan zinare, ba a yarda a fita da su. A nan za ka tsaya ka kwafi abin da kake so, mai kula da ɗakin yana leƙenka. Tun 1768 ake buga wannan kundi, an faro shi a birnin Edinbara, har zuwa 2012 da masu shi suka ce sun daina fitar da shi a takarda.

Kafin nan wani abu ya riga ya tsiro. Jimmy Wales da Larry Sanger sun fara da kundin da suka kira Nupedia, inda masana kaɗai ke rubutu, kuma kowace maƙala sai ta bi matakai 7 na tantancewa. Shekara ta zagayo, abin da suka kammala bai wuce maƙala ashirin da 'yan kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ranar 15 ga Janairu 2001 suka buɗe Wikipedia, suka ce kowa ya zo ya rubuta, kowa ya zo ya gyara. Mu kuma a kafe muka same ta, muna kallon agogo kada kuɗin awarmu ya ƙare, a aji kuma malamai na gargaɗin cewa duk wanda ya kawo ta a aikinsa ya kuka da kansa.

Malaman nan suna da hujjarsu. A 2005 wani ya rubuta a shafin John Seigenthaler, dattijon ɗan jarida a Amurka, cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan John Kennedy da ƙanensa Robert. Mutumin nan kuwa ya yi aiki da Robert, amininsa ne. Wata huɗu ƙaryar ta yi a shafin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an ɓata wa bawan Allah rai. Daga nan aka hana wanda bai yi rajista ba buɗe sabuwar maƙala a sashen Turanci, aka kuma tsananta ƙa'idar rubutu a kan mutanen da ke raye.

A ƙarshen wannan shekarar ce mujallar kimiyya ta Nature ta sa masana suka duba maƙaloli 42 daga kowane kundi, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Suka tsinci kuskure 162 a Wikipedia, 123 a Britannica. Masu Britannica sun yi fatali da binciken, amma mutane sun ga cewa tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Yau 'ya'yanmu waya suke tambaya, amsa ta fito kamar daga sama. Kaso mai tsoka na amsoshin nan daga Wikipedia aka ɗebo su, sai dai ba kowa ke sanin haka ba. Abin da muka manta ke nan: mutane ne suka zauna suka rubuta, ba da albashi ba. Duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san yadda abin yake. Gonar da jama'a suka fito mata, kafin azahar ta yi fes. Wadda mutum biyu suka je wa, ciyawa ce za ta ci rabinta. Ingancin shafi gwargwadon idanun da ke kansa ne. Kuma ana iya dubawa. A saman kowace maƙala akwai wurin tarihin gyara, za ka ga wanda ya saka jimla, da ranar, da wanda ya zo ya cire ta. Akwai shafin tattaunawa inda ake musu, wani lokaci na watanni a kan suna ɗaya. A ƙasa kuma ga manazarta, littattafai da jaridun da aka dogara da su. Maƙalar da ba ta da su, a riƙe ta a matsayin jita-jita.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na harshen Scots ne, na ƙasar Sikotilan. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen, shi ya rubuta fiye da maƙala 20,000 a sashen Wikipedia na harshen. Ba da mugun nufi ba. Yana ɗaukar Turanci ne yana sauya rubutun kalmomi, yana ganin taimako yake yi. Shekaru suka shuɗe babu mai kula, domin masu harshen ba sa leƙawa. Sai daga baya suka taru suna gyara.

Sashen Hausa ma akwai shi, da matasa masu himma da ke ɗawainiya da shi, Allah ya saka musu. Amma wanda ya karanta da kunnen Bahaushe zai ci karo da shafukan da na'ura ta fassara, kalmomin namu ne, zubin jimlar na wasu. Ga kuma wata wahalar: Wikipedia ba ta karɓar "na ji daga kakana", sai abin da aka buga. Tarihin garuruwanmu kuwa yawancinsa yana bakin tsofaffi, ko a rubutun ajami, ko a kundayen digiri da takardun da ke ajiye a wurare irin su Arewa House a Kaduna. Waɗanda suka san inda waɗannan suke, tsofaffin malaman makaranta da 'yan jaridan da suka yi ritaya, su ne mafi ƙaranci a cikin masu gyaran, alhali matasan da ke aikin suna neman wanda zai nuna musu littafin da za su kafa hujja da shi.