Samarinmu 'Yan Ci-rani Da Wayar Hannu

Jama'ar Nahuce, ku dubi samarinmu masu tafiya ci-rani. Yaro ɗan shekara 15, ko firamare bai gama ba, ya sauka Agege ko Sabon Ibadan. Kafin damina ta zagayo yana ciniki da Yarbanci, yana rubuta Turancin buroka a WhatsApp, da dare kuwa ya aiko wa uwarsa saƙon murya da Hausa. Wa ya koya masa? Ba hukuma ba dai. Daga bakinsa 'yan kasuwar Bungudu ke jin kuɗin wake a Ikko.

Sa'ad da aka rufe layukan waya a Zamfara cikin Satumba 2021, ai mun ga yadda ciniki da zumunci suka tsaya cik.

To, amma saƙon banki da Turancin manya yake zuwa. Macuci ya buga, wai shi ma'aikacin banki ne, yaro ya karanta masa lambar sirri, shi ke nan guminsa na wata shida ya tafi. Saboda haka muna neman Ƙaramar Hukumar Bungudu ta buɗe ajin dare irin na yaƙi da jahilci, a koya wa 'ya'yan talakawa karatun waya da Hausa tun ba su hau motar Kudu ba.