A auna waya kafin a sayi famfo

Tumatir ba ya jiran bakanike. Kwandon da aka tsinka da sassafe a Kadawa ko Ciromawa, idan motar da ta ɗauko shi ta mutu a hanyar gona ya yini a rana, kafin a isa Kwanar Gafan dillali ya riga ya kassara kuɗinsa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka janyo ruwa zuwa Kura da Garun Malam da Bunkure noman rani ya kafu a nan, amma har yau abin da ke fitar da amfani zuwa bakin titin Zariya tsofaffin motoci ne: akori-kura, J5, da Golf da aka cire wa kujerun baya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gyaran su. Mota ta fara shaƙewa, ko ta mutu in ta yi zafi, sai a ce wa direba, "Famfon mai ne, maigida, sai an canza." Ya bar lodi, ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ya sayo na Beljiyam. Mako biyu, ciwo ya dawo. Sau da yawa famfon farko lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi.

A mota mai injekta galibi famfon yana cikin tanki, da wutar batir yake aiki. Kafin wutar ta kai gare shi sai ta bi ta fiyus, ta bi ta rile, ta bi doguwar waya har bayan mota, sannan ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar. Motar da ta haura shekara ashirin tana shiga taɓon magudanan ruwa, ta sha ƙurar hunturu, ɓeraye kuma su kwana a cikinta in ta ɗauki shinkafa, dole tsatsa ta ci bakin wayoyinta. Batir na ba da bolt 12 da ɗoriya, amma abin da ke isa famfo zai iya zama 9 ko ƙasa da haka. Famfon zai yi ƙara, mai ji ya zaci yana aiki, alhali ba ya tura man da inji ke bukata.

Gwajin ba shi da wuya. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a kasa kunne wajen tanki: lafiyayyen famfo kan yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu. In shiru ne, a duba fiyus da rile tukuna. Sannan a ɗora mita a bakin wayar famfon yayin da ake tayarwa. A duba matatar mai, domin man jarka na 'yan bumburutu ba ya rasa datti ko ruwa. Sai duk waɗannan sun fita zargi ne ya kamata a taɓa famfo.

Direbobi ma da nasu laifin, ko da yake ina yi musu uzuri. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, da wuya ka ga wanda ke cika tanki, lita biyar ce yau, uku gobe. To man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Wanda kullum yake yawo da ƙarshen tanki a zafin Afrilu, shi ke dafa famfonsa da hannunsa.

Abin da ba ni yi wa uzuri shi ne cusa guntun waya a gurbin fiyus da ya ƙone, ko jan wuta kai tsaye daga batir a murɗe ta a naɗe da leda. Fiyus ba ya ƙonewa a banza, sau da yawa akwai inda waya ta kwaile take taɓa ƙarfe. In aka cire shi, wayar ce za ta yi ja, kuma kusa da fetur take.

Rewayoyinmu yaran kirki ne masu basira, kayan aiki da horo suka rasa. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙaramar hukumar Garun Malam za su iya shirya musu horon 'yan kwanaki kafin kakar tumatir, a ba kowane gareji mita da ƙwan gwaji, waɗanda kuɗinsu bai kai na famfo guda ba. Kai kuma direba, in aka ce maka famfo ne, ka ce a nuna maka abin da mita ta karanta kafin ka kama hanyar Kano.