Jarumin da Ba Ya Mutuwa, Wa Zai Ji Masa Tsoro?



Akwai finafinai biyu da suka fito a shekarar 2023 da nake so mu jera su kafaɗa da kafaɗa: Fast X na Amurka da Godzilla Minus One na Japan. An ruwaito cewa na farkon ya lashe kimanin dala miliyan 340, na biyun kuwa bai kai miliyan 15 ba. A ra'ayina ƙaramin ya yi wa babban fintinkau, kuma dalilin ya shafe mu kai tsaye.

A Fast X an gangaro da ƙaton bam a titunan birnin Rum, Dom kuma ya sulalo da mota daga saman madatsar ruwa, wuta na bin sa a baya. Ido ya sha kallo, amma gaban mai kallo ba ya faɗuwa. Me zai sa ya faɗi? Letty ta mutu a fim ɗin 2009, ta dawo. Han ya ƙone cikin mota a Tokyo Drift na 2006, sai ga shi da ransa a F9 na 2021. Gisele ta faɗi a 2013, sai ga ta ta leƙo daga jirgin ƙarƙashin teku a ƙarshen Fast X. Masu labarin da kansu suka koya mana cewa mutuwa a wurinsu hutun taƙaitaccen lokaci ce. To, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shi kuwa Takashi Yamazaki, wanda ya rubuta kuma ya ba da umarnin Godzilla Minus One, da matsoraci ya buɗe labarinsa. Shikishima matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi ƙaryar jirginsa ya samu matsala, ya sauka a wani tsibiri don ya tsira da ransa. Da dodon ya bayyana cikin dare, aka ce ya harba bindigar jirginsa, hannunsa ya kasa, makanikan wurin suka hallaka. Ya koma Tokyo ya tarar da iyayensa sun rasu, unguwa ta zama kufai. A nan ya haɗu da Noriko, ɗauke da jaririyar da ba ita ta haifa ba, suka rufa wa juna asiri a ɗan ɗaki guda, shi kuma ya kama aikin kwashe nakiyoyin teku don su ci abinci.

Saboda haka lokacin da dodon ya afka wa unguwar Ginza, Noriko muke nema da ido a cikin taron, rushewar benaye ta zo daga baya. Mun san tukunyar da suke dafa abinci, mun san yarinyar da ke jira a gida. Kyautar Oscar da fim ɗin ya ci a 2024 ta siddabarun kwamfuta ce, amma abin da ya fi zama a raina kujera ce: makaniken da ya fi kowa tsanar Shikishima shi ya nuna masa kujerar da za ta cillo shi daga jirgi, ya ce masa ya rayu.

Na san wani zai ce ai ita ma Noriko an same ta da rai a asibiti a ƙarshe. Haka ne, kuma a ganina nan ne fim ɗin ya fi rauni. Sai dai kafin a dawo da ita an bar mu mun yi makoki, mun ga abin da rashinta ya yi wa mutumin da marainiyar, kuma sau ɗaya aka yi. Bambancin ke nan da wanda ya mai da tayar da matattu sana'a.

Mu dawo kan rubutunmu. Ƙagaggen kimiyya ba baƙo ba ne a adabinmu, tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kuma mun fi masu fim gata, domin shafin da aka rushe birni da shafin da aka sha shayi kuɗinsu ɗaya a wurin marubuci. Wannan gatar ce ke yi mana illa. Sau nawa muke cin karo da sadaukin da ke kashe dakaru dubu ba ko ƙwarzane, ko attajirin da duk matsalar da ta taso yake kashe ta da kiran waya guda, ko jarumar da ta rasu a shafi na 40 ta dawo a na 60 saboda masu karatu sun yi ca?

Ga abin da nake ba da shawara. Kafin ka sako dodo, ka nuna mana abin da jaruminka yake tsoron rasawa, ka bar mu mu saba da shi. In kin kashe, 'yar'uwa, ki bar kabarin a rufe. In kuwa dole ne jarumi ya yi nasara, a sa ya biya da wani abu da ba zai dawo ba.

Ku ɗauko labarin da kuke kai yanzu, ku duba: me jaruminku ya rasa daga farko zuwa inda kuka tsaya? Ina jiran amsoshinku, musamman masoya Dom.